Babi na Shida: Gidan Ɗan Wasa a Intanet

Ranar 18 ga Maris, 1995, wata takarda ta fito daga ofishin wakilin Michael Jordan ta injin fas, ta isa gidajen jaridun Amurka. Saƙon Jordan da ke cikinta kalma biyu ne kacal: "Na dawo." Wata 17 ke nan rabonsa da gasar ƙwallon kwando ta NBA, yana can yana gwada sa'arsa a wasan besbol. Washegari ya sa rigar Chicago Bulls mai lamba 45 ya shiga fili. A wancan zamani ko Jordan, duk girmansa, idan yana da magana da masoyansa sai ya bi ta hannun ɗan jarida. Ɗan jarida kuwa shi ke zaɓen abin da zai buga da abin da zai bari.

Da intanet ta shigo sai 'yan wasa suka ga dama ta samu. Kowa zai iya gina gidansa, ya rubuta sunansa a ƙofa, ya faɗi abin da ya ga dama ba tare da tsani ba. Kobe Bryant na cikin waɗanda suka yi amfani da wannan dama da wuri. A 2007, lokacin da ya sami saɓani da shugabannin Los Angeles Lakers har yana neman a sake shi, a shafinsa na kb24.com ya riƙa rubuta abin da ke ransa, 'yan jarida suna zuwa suna kwafa. Ruwa ya juya: wanda a da ake zuwa wurinsa neman alfarma, yanzu shi ke zuwa ƙofar ɗan wasa ɗaukar labari.

Sai dai in ka bi manyan sanarwoyin da suka biyo baya za ka ga abin mamaki. A 2010 LeBron James a gidan talabijin na ESPN ya faɗa wa duniya zai bar Cleveland ya koma Miami. A Yuli 2014 jita-jita ta bazu cewa a shafinsa zai bayyana inda ya dosa, jama'a suka yi masa cincirindo har shafin ya riƙa gagarar buɗewa, amma da maganar ta tashi fitowa a mujallar Sports Illustrated ta fito. Shi kansa Kobe, da zai yi bankwana da wasa a Nuwamba 2015, a The Players' Tribune ya saki rubutacciyar waƙarsa, dandalin da tsohon ɗan wasan besbol Derek Jeter ya kafa a 2014. Kevin Durant ma a can ya sanar da komawarsa Golden State ranar 4 ga Yuli, 2016. Kowa na da gidansa, amma ranar biki a zauren wani ake taro.

To, mene ne amfanin gidan? Kuma wanda ya shiga, da me zai gane na ƙwarai?

Ɗan haya da mai gida

Wanda duk dukiyarsa ke kan Instagram ko X (tsohuwar Twitter) ko TikTok ɗan haya ne, ko da mabiyansa sun kai miliyan ɗari. Mai gidan haya yana iya sauya makulli ba shawara. Dandalin Vine, wanda matasa suka cika da guntayen bidiyon ƙwallon kwando, an rufe shi a farkon 2017. Mu a Najeriya mun ɗanɗana wani nau'in abin: daga 5 ga Yuni, 2021, zuwa 13 ga Janairu, 2022, gwamnati ta dakatar da Twitter, duk wanda ke bin labarin gwarzonsa ta can sai ya nemi ɓarauniyar hanya ko ya haƙura.

Abin da ya fi wannan ɗaure kai ya faru a Nuwamba 2022. Da, shuɗiyar alamar da ke gefen suna a Twitter shaida ce cewa kamfanin ya tantance mutum. Da Elon Musk ya sayi kamfanin, aka ce duk mai dala 8 a wata zai iya samun ta. Ba a ɗauki lokaci ba wani ya buɗe asusu da suna mai kama da na LeBron, ya sayi alamar, ya rubuta cewa yana godiya ga magoya bayan Lakers, yana neman a sayar da shi. Kafin a rufe asusun mutane da yawa sun hau sun zauna. A irin wannan rana ake sanin darajar wuri guda tabbatacce, wanda za a je a duba a ce lalle nan ne wurin wane, kuma ga jerin asusunsa na gaskiya a sauran dandali. Wannan shi ne aiki na farko da ya rataya a wuyan shafin ɗan wasa. Sauran duk ado ne a kansa.

Gidan wa ka shiga?

Sunan mutum a adireshin intanet ba ya tabbatar da cewa shi ke da shi. Adireshi rigegeniya ce, wanda ya fara biyan kuɗin rajista shi ke riƙe da shi. Tun shekarun 1990 wasu suka mai da abin sana'a: su yi wa sunayen shahararrun mutane rajista, su zuba talla a kai, su zauna jiran ranar da mai suna zai zo saye da tsada. Har sai da Amurka ta yi doka a 1999 don magance su. Chris Bosh, lokacin yana Toronto Raptors, ya tarar wani ya riga shi kama chrisbosh.com. Ya kai ƙara wata kotun tarayya a Kalifoniya, a 2009 ya yi nasara. Kotun ba sunansa kaɗai ta mayar masa ba, ta haɗa masa da adireshi kusan 800 da mutumin ya tara, cikinsu har da sunayen 'yan wasan NBA da na jami'o'i da na sakandare. Bosh ya ce duk mai suna a ciki ya zo ya karɓi abinsa kyauta.

Wannan a Amurka ke nan, inda sojan gona ke neman kuɗin talla. Namu sojan gonan aljihun yaro yake hari kai tsaye. Wani dare bayan sallar isha ɗan yayata, dogon saurayi da ba ya fashin filin kwando a Zariya, ya shigo mini yana haki, ya miƙo waya mai fasasshen gilashi.

"Kawu, dubi wannan. Allah Ya kawo lokaci."

Shafi ne ɗauke da hoton wani fitaccen ɗan wasan NBA ɗan asalin Afirka, yana murmushi cikin yara. An rubuta cewa gidauniyarsa za ta ɗauki matasa zuwa sansanin horo a Amurka, jirgi da masauki kyauta, kuɗin fom kawai za a biya. A sama akwai agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage, a ƙasa an ce saura gurbi bakwai.

Na ce ya taɓa adireshin ya karanta mini harafi-harafi. Ya karanta. A tsakiyar sunan ɗan wasan an ninka wani harafi, an kuma liƙa masa wata kalma a wutsiya.

"Amma ai ga ɗan kwaɗon nan a gefe, Kawu. An ce in akwai kwaɗo babu cuta."

Na ce masa kwaɗon nan abin da yake nufi kawai shi ne wani ba zai leƙa saƙonka a hanya ba. Wanda ke jiran saƙon a ɗaya ɓangaren, kwaɗo bai san halinsa ba, kuma kyauta ake samunsa yanzu. Muka shiga ɗaya daga cikin wuraren da ake duba rajistar adireshi, waɗanda ake kira WHOIS, muka ga sati uku ke nan da buɗe shi. Muka duba inda za a tura kuɗin, asusun wani mutum ne a wani banki na nan gida. Hanyar tuntuɓa kuwa lambar WhatsApp ce tilo. A ƙarshe muka je asusun ɗan wasan na Instagram, wanda ƙungiyarsa ke bi, muka danna adireshin da ya liƙa a ƙarƙashin sunansa. Wani wuri dabam ya kai mu, kuma babu ko alamar wannan sanarwa.

Yaron ya yi shiru yana kallon tabarma. Can ya ce, "Har na yi wa Umma maganar adashinta."

Duk binciken nan bai ci minti goma ba. Hanyarsa guda ce: kada ka yarda da shaidar da shafi ya bayar a kan kansa. Ka zo masa ta ƙofar da ka riga ka amince da ita, ko shafin ƙungiyar ɗan wasan, ko na gidauniyarsa, ko asusunsa da aka daɗe da sani.

An share zauren kuwa?

In ka tabbatar gidan na mai shi ne, sai ka dubi ƙasa. Shafukan 'yan wasa da yawa ranar ƙaddamarwa ce kaɗai ranar gatansu. Kamfanin talla ya gina, an karɓi kuɗi, an yi hoto, kowa ya watse. Ƙwallon kwando kuwa ba ta tsayawa: wasa 82 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka kafin a shiga zagayen fitar da gwani, kuma mutum yana iya kwana a wannan ƙungiya ya tashi a waccan. A farkon Fabrairu 2025 Luka Dončić ya wayi gari Dallas ta miƙa shi ga Lakers, abin da kusan babu wanda ya zata.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka riƙe wani abu da ka san ranarsa, ka neme shi a shafin. Stephen Curry ya wuce Ray Allen a yawan jefa ƙwallo mai maki uku ranar 14 ga Disamba, 2021. LeBron ya haye maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar ranar 7 ga Fabrairu, 2023, ya kuma tsallake 40,000 a Maris 2024. Kowane ɗan wasa yana da irin waɗannan ranaku daidai gwargwadonsa. Shafin da tarihinsa ya tsaya shekara uku baya, ko yake nuna mutum da rigar ƙungiyar da ya bari, kango ne da fenti. Amma kada a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Alƙaluman kowane wasa NBA.com da Basketball-Reference sun fi kowa iya su, shafin da ya san kansa tura ka can zai yi.

Akwai kuma nauyi. A shekarun 2000 masu gina shafuka sun haukace da wata manhaja mai suna Flash. Kana shiga sai kiɗa ya tashi, ƙwallo ta yi ta tsalle a fuskar kwamfuta, kai kuma kana jira. Wayar iPhone ba ta taɓa karɓar Flash ba, kamfanin Adobe kuma ya janye hannunsa daga ita a ƙarshen 2020, shafukan da aka gina a kanta suka mutu a tsaye. Ciwon bai warke ba, riga ya sauya. Yau bidiyo ne ke kunna kansa da kansa ya lashe datar mutum kafin ya karanta layi ɗaya. Wanda ya gina shafin a Los Angeles bai taɓa tunanin saurayin da ya farka ƙarfe biyu na dare a Kano ko Maraɗi, da ragowar caji da sabis mai ɗaukewa, don ya ga yadda wasa ya ƙare ba. Gasar da ke alfahari da 'yan kallo a duk duniya, ya kamata shafin ɗan wasanta ya buɗe a ƙaramar waya ba tare da wahala ba.

Wani lokaci kuma abin da ke hana baƙo shiga ba nauyi ba ne, tsarin ɗakuna ne. A Nuwamba 2018 wata yarinya 'yar shekara 9 a Kalifoniya ta rubuta wa Curry wasiƙa. Ta je shafin Under Armour neman takalminsa, ta tarar a sashen yara maza kaɗai aka jera shi. Curry ya ba ta amsa da rubutun hannunsa, aka gyara shafin, daga baya aka sa ta cikin zana wani takalmin da ya fito ranar mata ta duniya a Maris 2019. Manyan ma'aikata sun yi ta wucewa ta gaban wannan kuskure ba su gani ba. Wanda aka bari a waje shi ke sanin inda ƙofa take a rufe.

Mai gidan yana ciki?

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kana iya karanta shafi daga sama har ƙasa ba ka ji muryar ɗan wasan ba, sai ta ma'aikacin da aka biya ya yi yabo: an haife shi cikin talauci, ya yi haƙuri, ya yi nasara, yana son al'umma. Cire sunan ka sa na wani, babu abin da zai canza. Irin wannan rubutu kirarin maroƙi ne, wanda aka yi wa shi ma bai karanta ba.

Muryar gaskiya ana gane ta da abin da ta yarda ta faɗa wanda ba ya ƙara wa mai ita kwarjini. A Maris 2018 Kevin Love na Cleveland ya rubuta yadda wani firgici ya turnuƙe shi ana tsakiyar wasa da Atlanta a Nuwamban da ya gabata, zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, har ya bar fili. Babu mai sayar da takalmi da zai ƙago wannan labari. Kareem Abdul-Jabbar kuwa, wanda ya daɗe yana rubuta littattafai, yana da wasiƙar da yake aika wa masu karatunsa ta Substack, inda yake tofa albarkacin bakinsa kan siyasa da fina-finai da wasanni. Da LeBron ya karya tarihinsa, mutane suka yi ta hasashen yana jin haushi, sai ya zauna ya rubuta amsarsa da kansa.

Ba laifi ba ne ɗan wasa ya sami mai taya shi rubutu. Aikinsa a fili yake, ba a kan teburi ba. Laifin shi ne a ɓoye. Wasiƙar LeBron ta 2014 a Sports Illustrated an rubuta a kanta ƙarara cewa shi ya faɗa, ɗan jarida Lee Jenkins ya rubuta, kuma hakan bai rage mata komai ba.

Shagon ƙofar gida

Kusan kowane shafin ɗan wasa yana da shago: riguna, huluna, takalma, littattafai. Wannan halak ne, tun da Jordan ya ƙulla da Nike a 1984 kasuwanci ya zama rabin sana'ar. Abin dubawa shi ne ko an bambance maka talla da shawara. Paul Pierce, tsohon gwarzon Boston Celtics, ya yi ta yaba wasu sulallan kirifto a Twitter bai faɗi cewa biyansa aka yi ba. A Fabrairu 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, SEC, ta sa ya biya sama da dala miliyan 1.4. Da kamfanin FTX ya durƙushe a Nuwamba 2022, waɗanda suka yi asara sun shigar da ƙara suka haɗa da taurarin da suka yi masa talla, cikinsu har da Curry da Shaquille O'Neal. Iya jefa ƙwallo a raga bai sa mutum ya zama masanin inda za ka zuba kuɗinka ba. Shafi nagari yana jera kamfanonin da ke biyan mai shi a fili, don ka san da wane kunne za ka saurari yabonsa.

Inda ake lissafi

Ɗakin da ya fi kowanne nuna halin gida shi ne na gidauniya. Hoton ɗan wasa ya durƙusa cikin yara ba shi da wuyar ɗauka. A 2013 shirin bincike na ESPN ya duba gidauniyoyi 115 na manyan 'yan wasa, ya tarar kashi 74 cikin ɗari sun gaza a aƙalla ɗaya daga cikin ƙa'idojin da ake auna ƙungiyoyin agaji da su. A Amurka irin waɗannan ƙungiyoyi suna cika takardar da ake kira Form 990, mai nuna abin da ya shigo da inda ya tafi, kuma kowa na da ikon ganinta. Shafin da ke neman sadakarka ya kamata ya ajiye wannan takarda, ko rahoton shekara, inda hannu zai kai.

Gani ya kori ji. Dikembe Mutombo, tsohon ɗan wasan NBA wanda ya rasu a Satumba 2024, ya zuba dala miliyan 15 daga aljihunsa a asibitin da ya gina a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, Biamba Marie, aka buɗe shi a 2007. Gini ne da za ka tsaya a gabansa. Makarantar I Promise da gidauniyar LeBron ta buɗe a Akron a 2018, da ɗalibai 240, tana ƙarƙashin hukumar makarantun gwamnati ta garin, don haka sakamakonta ba ya ɓoyuwa. A 2023 jaridu suka ruwaito cewa wasu azuzuwanta sun yi ƙasa ƙwarai a jarrabawar lissafi. Labarin bai yi daɗi ba, amma aikin da za a iya kama shi da gazawa shi ne aikin da ake yi da gaske. Na kusa da mu shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Ƙungiyarsa ta Giants of Africa, da aka kafa a 2003, ta yi alkawarin gina filaye 100 a nahiyar. Alkawari ne mai lamba, kowane fili yana da gari da unguwa, mai shakka yana iya zuwa ya ƙirga.

Namu na gida

Wannan magana ba ta taurarin Amurka kaɗai ba ce. 'Yan matan D'Tigress na Najeriya sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Gasar ƙwallon kwando ta Afirka, BAL, tana gudana tun 2021, masu farautar 'yan wasa suna zuba ido. Wanda ya ji sunan yaro daga Kano Pillars ko wata makaranta a Kaduna, abin da zai fara yi shi ne ya rubuta sunan a wayarsa. Abin da ya fito shi ne takardar shaidar yaron.

Ɗan wasan da ke tasowa ba ya bukatar gidan bene. Shafi ɗaya ya isa: cikakken suna yadda yake a fasfo, shekarun haihuwa na gaskiya, tsawo, ƙungiyoyin da ya buga wa da shekarunsu, bidiyon cikakken wasa ɗaya ko biyu ban da guntayen burgewa, da adireshin imel da ake dubawa. Ya yi wa sunansa rajista tun kafin sunan ya yi tsada, ko da .ng ko .ne ko .com, kuma rajistar ta kasance da sunansa shi, ba da sunan wakili ko abokin da ya iya kwamfuta ba, don wakili yana tafiya. Ya kuma riƙa tuna ranar sabuntawa, saboda adireshi shekara-shekara ake biya, wanda ya yi sake wani zai ɗauke.

Kai kuma mai karatu, duk shafin da ka shiga, kafin hoto ya ɗauke maka hankali ka karanta adireshin harafi-harafi, ka nemi kwanan watan rubutu na ƙarshe, ka duba wa ke biyan wa. In aka ce ka turo kuɗi yau-yau kafin gurbi ya ƙare, ka rufe wayar ka kwana da maganar.